Matar da Ke Tsoron "Da Sauƙi"

A ɗakin jiran wani asibiti a ƙasar waje akwai wata mata mai tabarau, katin jami'a rataye a wuyanta. Tsohon da ke gefenta mahaifinta ne, goshinsu iri ɗaya. Yana dafe da ciki, gumi na keto masa duk da sanyin ɗakin.

Muryarta ta masu koyarwa ce. Daga hirarsu, shekara tara ke nan tana binciken abin da ke sa 'yan ci-rani mutuwa da cutar da 'yan ƙasa ke warkewa. Ta san kalmar da ke mayar da su gida ba a ɗauki hoton cikinsu ba: a ce ya jiki, mutum ya ce "da sauƙi", tafinta ya fassara, a sallame shi.

"Baba, don Allah ka ce musu yana ciwo. Kwana uku ba ka runtsa ba."

"Wato digirin naki na koyar da raki ne? In zauna gaban nas sa'ar jikata ina kai ƙarar Ubangijina?"

Ga nas nan tafe, tafinta na biye. Ta bakinsa ta yi tambaya: "Baba, ya jiki?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

Tafinta bai buɗe baki ba 'yar tsohon ta miƙe.

"Ƙarya Baba yake yi."

Tsohon ya ɗago yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Ita kuwa biron nas kawai take kallo.