Wuƙar Kawu Garba

Bayan ruwan dam ya cinye ƙauyenmu na wajen Maradun muka koma Mafara, tatsuniyar Kaka ɗaya tak ta rage. Da an idar da magariba sai mu kewaye murhunta tana gasa mana dankali, ta ce, "To, ga ta nan tahe, mai gyangyaɗi shi tashi." Kullum labarin wani saurayi ne da ya bi baƙi garin nesa, ya sha wuya, ya dawo wa uwarsa da raƙumi shaƙe da kaya. Wallahi mun gaji da ita, amma wa ya isa ya faɗa, Kaka na riƙe da muciya?

Ba mu san da autanta Kawu Garba take ba, wanda ya yi wa wani Bature ɗan Italiya kuku a wurin aikin dam. Shekarar da ruwa ya hau Kawu ya ɓace. Aka ce ya bi Turawan zuwa Legas, ita kuma ta riƙe haka.

Wata rana wani masunci ya kawo wa babana, da yake maƙeri ne, dunƙulen tsatsa da ya fito a komarsa. Baba ya jiƙa shi a kananzir, ya dirje da toka da lemun tsami, ya ƙera masa sabon sifirin da guntun ƙarfen tarko. Ashe wuƙa ce irin ta Turawan nan, mai ƙotar ƙaho. Kaka na tsakiyar labari Baba ya shigo nuna mana. Ya danna wani ɗan maɓalli, kaifin ya fito, ƙyas! Muka ɗau ihu, a sake, a sake.

"Malam, miƙo min ita," in ji Kaka.

Ta juya ƙotar a hasken wuta. Ga ɗigon ƙuna uku a jere.

"Ni niy yi su da basilla, don kar a sace wa Garba. Ina anka samo ta?"

Da ƙyar Baba ya ce, "Inna, saitin tsohon gari."

Innalillahi! Dankali ya ƙone ƙurmus ba wanda ya motsa. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke wuƙar da kanta, ta dube mu.

"Ina munka tsaya? Awo, yaron nan. Ashe bai tahi ko'ina ba."

Daga ranar ba ta ƙara yin tatsuniya ba. Sai da na haifi nawa na gane ba don mu take yin ta ba. Muna ta ƙosawa, ashe jira muke taya ta.