Sunan da Na Goge

A shekarun da gyaɗa take tashe a ƙasar Magariya, ni ne mai kula da ma'aikata a wata masana'antar ɓare gyaɗa da matse mai. Ina da biro, wato ofis, nawa ni kaɗai, kuma darekta ba ya sa hannu a takarda sai ya ji ta bakina. Abin da zan faɗa muku ya daɗe yana ci mini rai, ko matata ban taɓa gaya wa ba.

Wani Bature ne yake kula da injunanmu. A ƙarƙashinsa akwai wani makaniki mutumin Guci, wanda bai wuce aji shida a lakwal, wato makarantar boko, ba. Mutum ne marar yawan magana. Yakan dafa jikin inji, ya kasa kunne, ya ce ƙarfe kaza ya kusa cinyewa, in an kwance sai a tarar haka ne. Da wa'adin Baturen ya kusa cika, shugabannin kamfani suka aiko cewa a zaɓi mutum ɗaya ya tafi waje shekara biyu, ya koyo aikin injiniya, ya dawo ya gaje shi. Baturen da hannunsa ya rubuta sunan makanikin, ya ba ni takardar in kai wa darekta.

Kwana uku takardar tana aljihun teburina. Akwai ƙanen matata a Bande, ya gama kolej yana zaune ba aiki. Gaskiya ba wanda ya roƙe ni, kada in ɗora wa kowa. Ni na goge sunan makanikin na sa na yaron, na shiga na ce wa darekta wancan ba ya jin Faransanci sosai, zai ba mu kunya. Darekta, wanda ba ya taka ɗakin injuna sai ranar da aka yi baƙi, ya tambaye ni ko yaron yana da diploma. Na ce yana da ita. Ya sa hannu. Baturen ya yi faɗa har ya gaji. Makanikin kuwa bai fasa gaishe ni kowace safiya ba.

Ƙanen matata ya dawo da takardarsa, ya yi wata biyu, ya ce zafin injuna da warin mai ba su karɓe shi ba, ya sami aikin biro a Yamai. Baturen ya riga ya tafi. Ga fari ya wuce ta kanmu, ga cuta ta faɗa wa gyaɗa, abin da ake kawowa ya ragu. Makanikin ya riƙe injunan shi kaɗai da dabara. Sau biyu yana zuwa ya roƙe ni a ba shi mutanen da zai koya wa aikin, ni kuwa ba na iya haɗa ido da shi, sai in ce ya bari tukuna. Daga baya wata masana'anta a Kano ta ɗauke shi.

A kakar da ta biyo, babban injin matse mai ya tsaya tsakiyar aiki, cikinmu ba mai iya taɓa shi. Amalanke daga Dancawo da Bande suka yi layi a bakin ƙofa, muna jiran mai gyara daga waje. Da jira ya yi yawa, manoma suka juya shanunsu suka nufi iyaka. Ni aka ba takardar sallamar ma'aikata, na tsaya a tsakar fili ina kiran sunayen magidantan da na san iyalansu. Mutane sun ce fari da cuta suka rufe masana'antar. Sun yi nasu, amma na san nawa.

Bayan 'yan shekaru na je kasuwar Guci na ga makanikin. Ya dawo gida, ya kafa injin niƙa, yana koya wa mutane gyara. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka dama fura, yana ce mini Shef, wato shugaba, kamar dā. Na fara kame-kame ina son in faɗa masa abin da na yi, sai ya tare ni. Ya ce tun ranar ya sani, Baturen ya gaya masa.

"Nawa na yafe, Shef," in ji shi. "Na waɗanda aka sallama kuwa, ba a hannuna yake ba."

Na koma Magariya. Cikin mutanen da aka sallama wasu sun rasu, wasu ban san inda suke ba, balle in nemi gafararsu. Dā ina ganin shugabanci sa hannu ne da zama a inuwa. Yanzu na gane wuri yana rayuwa ne da mutanen da suka iya aikinsa, da waɗanda suka koya wa. Duk wanda Allah ya ba ikon zaɓen wanda za a tura koyon aiki, ya ji tsoron Allah, ya ba wanda ya cancanta. Ni na ɗauka mutum ɗaya na zalunta, ashe gari guda ne.