Malam Zainu da Littafin Sarkin Swazi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Zainul Abideen Koki a wani asibiti da ke Bur Dubai, bayan jinyar kwana tara. Ya bar duniya yana da shekara sittin da bakwai.

Malam, yau mako uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ba mutuwar ce ta hana ni rubutu ba, ita tana kan kowa. Haushinmu nake ji, mu da ka zauna da mu shekara sha shida.

Yawancin masu shigowa ofishinmu na kago, wato jigilar kaya, a Port Saeed akawu suka ɗauke ka, mai cike takardun kwantena. Kaɗan ne suka san malamin tarihi ne kai, har ka koyar shekara shida a Manzini, ƙasar Swaziland. Daga can ka taho da aikin da ka ba rayuwarka: littafi da Hausa a kan Sarki Sobhuza na Biyu, wanda aka zaɓa yana jariri, kakarsa ta riƙe masa sarauta har ya mallaki hankalinsa. Ya tarar Turawa sun bar wa mutanensa kashi ɗaya cikin uku na ƙasarsu, suna kafa hujja da takardun da aka yi a zamanin kakansa. Ya je Landan ya yi kuka, ya kai ƙara ya sha kaye. Bai haƙura ba. Ya sa jama'a suka riƙa ba da shanu ana sayarwa, ana fanso ƙasar gona bayan gona.

Kullum ka kan ce da ni, "Rilwanu, ba da bindiga aka ci mutanen nan ba, da takarda aka ci su."

Shi ya sa ba ka barin kowa ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Ban manta ranar da Hamissou, ɗan Maraɗi mai sayar da tayoyi, ya shigo da yarjejeniyar haɗin gwiwa yana sauri ba. Ya ce, "Malam, yalla, sa hannu kawai ya rage." Ka zaunar da shi awa biyu, ka nuna masa layin da zai mallaka wa abokin hulɗarsa shagon ɗungurungum. Yau shagon yana hannunsa. Irinsa sun fi talatin, kuma ko shayi ba ka taɓa karɓa ba.

Mu kuma me muka saka maka da shi? In ka shigo gidan abinci a Al Rigga sai a ce, "Ga Sarkin Swazi nan," a bushe da dariya. In ka fara bayani, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Wani ya taɓa ce maka, "Malam, ka rubuta yadda ake samun biza mana, shi za a saya." Murmushi kawai ka yi.

Laifina ya fi na kowa. Shafi ɗari uku da goma ka rubuta da hannunka. Da idonka ya fara rauni ka roƙe ni in buga maka a kwamfuta. Na ce in sha Allah bayan azumi. Azumi uku suka wuce.

Kwana biyu da binne ka, mai gidan da kake haya ya sa wani a makwancinka. Aka zuba kayanka a kwali aka kawo siton ofishinmu. Masu ɗaure kaya suka ga takardu, suka ɗauka tsofaffin rasitai ne, suka naɗe kwalaben turare da su. Ranar da na je, na durƙusa a sito ina warware kwalba ɗaya bayan ɗaya. Shafi hamsin da takwas na tsira da su. Sauran suna cikin kwantena a kan teku.

Na buga wa 'yarka Nuriyya waya a Kano, na faɗa mata abin da ya faru. Ba ta zarge ni ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Kawu, turo min sunayen masu kayan." Mutum sha ɗaya ne, daga Kano har Zindar. Ta riga ta je wurin bakwai, ta roƙe su kada a buɗe kwali ko ɗaya sai tana tsaye. Ni kuma na fara buga abin da ke hannuna, shafi biyu kullum kafin a buɗe ofis. Sai yanzu nake karanta ka, Malam, lokacin da in na ci karo da kalmar da ban gane ba, babu wanda zan tambaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya Ummulkhair, da Nuriyya da ƙannenta, da dukan dangi. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Mu kuma da muka ci amfaninka muka ƙi sauraronka, Allah Ya yafe mana.

Rilwanu Sanda
Port Saeed, Dubai