Hanyar da Na Bi da Ita Ta Kan Makabarta

Malam edita, a shekarun alif ɗari tara da hamsin ni matashin malamin auduga ne a Gusau, karatuna na allo da ajami ya fi na boko ƙarfi. Da aka zaɓe ni wakili a majalisar Kaduna, sai na ɗauka babu sauran mai gaya mini gaskiya.

Aikina na farko shi ne hanyar mota daga wani ƙauye na ƙasar Bunguɗu zuwa kasuwar auduga. Dillalan da suka tsaya mini a zaɓe suna son ta miƙe sak, amma a tsakiya akwai tsohuwar makabarta da ciyawa ta rufe. Ƙanwar kakata, wadda muke kira Inna, ta tako har zaurena ta ce uwarta da 'ya'yanta suna kwance a wurin, in ji tsoron Allah. Na yi dariya, na ce mata waɗanda suka zama ƙasa ba ruwansu da ƙarar mota. Ta ɗauki sandarta ta fita.

Aka baje wurin, hanya ta wuce. Tun daga nan, duk ranar da na miƙe zan yi magana a majalisa, in na sa hannu a aljihu sai in ji jar ƙasa mai danshi, irin ta sabon haƙa. Na zargi mai wanki, na sake riguna, abin bai daina ba. Direbana kuma ya ce in mun iso inda makabartar take motar takan yi nauyi kamar an cika ta da mutane, alhali mu biyu ne. Na ce ya kama bakinsa. Ran nan da tsakar rana wani abokina wakili, mutumin Tsafe, ya dafa ni yana zolaya, wai ashe na yi girman da zan bar mutanen garinmu tsaye a rana a bakin ƙofar majalisa. Ya ce suna da yawa, sanye da farin yadi marar ɗinki, ya yi musu sallama sun amsa baki ɗaya, amma ba wanda ya ɗaga kai. Na fita in duba. Ba kowa, sai jar ƙasa a kan matakala.

Na koma gida na tara liman da dattawa, muka kewaye makabartar da ƙaya, na sa aka karkata hanya ta zagaya. Dillalai suka ce na ƙara musu nisa, zaɓe na gaba suka juya mini baya, na faɗi. Inna ba ta ga gyaran ba, ta riga mu gidan gaskiya ban nemi gafararta ba.

Ban ce matattu na dawowa ba, Allah ne masanin abin da abokina ya gani. Amma aljihuna ya bushe tun ranar. Har yau direbobi na zagin wannan kwana, ni kuwa in na iso sai in sauka in yi sallama. Ku masu hawa kujera, ku tuna ba masu jefa ƙuri'a kaɗai ke da haƙƙi a ƙasar da kuke wakilta ba. Na cikinta sun fi na kanta yawa, kuma can za ku same su.