Ƙusar da Kaka ke tona wuta da ita

A gidanmu na Tsiga, da zarar an sauke tuwon dare, mukan kewaye murhu kafin garwashin ya mutu. Kakarmu Tabawa ce mai labari. Tana da wata doguwar ƙusa baƙa wadda take tona wuta da ita, kuma duk wanda ya taɓa ta sai ya sha ranƙwashi.

Yawanci a kishingiɗe take ba mu tatsuniya. Amma ranar da hadarin farko ya haɗu, ba ta iya zama. Ta leƙa ƙofa, ta dawo, ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara, ta sake leƙawa.

Nakan tsokane ta in ce, "Kaka, wani saurayin kike jira bayan ni?"

"Rufe mini baki, mijin da ko goro bai taɓa kawowa ba. Ku matso. Ta yau ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya amsa mini."

Labarin mahaifinta ne. Tana ƙarama, tun Turawa ba su shigo ƙasarmu ba, ya bi ayarin fatake a lokacin kaka zuwa Ikko, wato Legas, da niyyar ya dawo kafin shuka. A gidansu shi ke saran shuka da sungumi, ita da Innarta suna bin sa suna zuba iri suna takewa. Ba wani namiji a gidan.

A Ikko ya tarar jiragen ruwa na sauke dogayen ƙarafa a bakin teku, ana ɗibar leburori su shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ya shiga ɗaukar katako. Rannan suna cikin aiki ruwa ya goce. Manomi ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ya yar da kayan aiki ya tafi naɗe tabarma. Waɗanda suka daɗe a garin suka yi ta dariya, suka ce ruwan bakin teku ne mai sammako, na gida sai nan da wata biyu. Ya ji kunya ya kwance kaya.

A nan Kaka kan buga ƙusar a ƙasa. "Gaskiya suka faɗa masa fa! Amma hanyar ma wata biyu ce a ƙafa. Da ya tashi ranar, da tare da ruwa zai shigo gari."

Sai da ayarin ya yi haramar dawowa ya gane ya makara. Kunya ta hana shi zuwa ya tarar da gonar kowa ta yi kore ban da tasa. Ya ba wani abokin tafiyarsa ƙusa ɗaya daga cikin na aikin, ya ce a faɗa wa iyalinsa hanyar da suke shimfiɗawa arewa ta nufa, kuma an ce in an gama, tafiyar kwanaki kaɗan ce. A kanta zai dawo.

A gida kuwa Inna ta hana maƙwabta su taɓa gonar har aka yi ruwa uku. Da ta haƙura aka shuka, dawar ba ta nuna ba. Shekarar a gidan kawunta Kaka ta ci tuwo.

"To ya dawo?" Kowace shekara sai na tambaya.

"Hanyar dai ta iso Funtua. Lokacin ina da 'ya'ya biyar. Na je tasha na duba kowa."

Sai ta tashi ta sake leƙa ƙofa.

Ina yaro na ɗauka wauta ce kawai ta mutumin dā. Sai da aiki ya kai ni Legas na daina yi masa dariya. Wata rana saƙo ya zo cewa mahaifiyata ba ta jin daɗi. Na ce bari in ƙarasa aikin da ke hannuna, sati biyu ne kacal, ai ga jirgi. Da la'asar ruwa ya sauko a watan da ko gajimare babu a gida. Na tsaya a baranda, na ji tsoron kaina. Ko laima ban nema ba na nufi tasha.

Na same ta a zaune a tsakar gida, ta rame ƙwarai, tana tsince irin dawa a faifai. Ta dube ni ta ce, "Ka zo da wuri. Ba a yi ruwa ba tukuna." Ba ta ga shukar ba.