Tambayar Siew Kuan

Katanga ɗaya ce tsakanina da Siew Kuan a layinmu na Taiping, shekara talatin da ɗoriya. In haƙori ya tasa mutum a gaba, ƙofarta yake fara bugawa. Ta ba ka ruwan gishiri ka kurkure baki, ta cusa kanumfari a ramin. Sannan, in ciwon na dama ne, ta kama hannun hagu, ta danne tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya har ka manta sunan ubanka. Kafin shayi ya huce, ciwo ya lafa.

Amma ba ta danna hannun mace sai ta tambaya: "Kina da ciki?"

Har ni, ranar da na je mata da kunci kamar ƙwarya, ina da shekara sittin da biyu.

Na ce, "Ƙwarai, Yaya. 'Yan biyu ne. Ki taya ni cigiyar ubansu."

Ko murmushi. Ta riƙe hannuna tana jira, sai da na ce babu.

Duk layin mun san dalili. Tun kakanni an hana danna wurin nan a jikin mai ciki, wai yana saukar da shi. Mu kuma ba ma faɗin ciki sai ya wuce wata uku, kada jaririn ya yi fushi ya koma. Shekarun baya 'yar Siew Kuan, Pek Lian, ta zo gida da ciwon haƙori, tana da na wata biyu, ba ta san da hanin ba. Ta miƙa hannu, uwar ta danna ba tare da ta tambaya ba. Bayan kwana uku ta yi ɓari.

Likita ya ce ba hannun ba ne. Pek Lian ta tattara kayanta. Ta koma wurin mijinta a Ipoh, shekara goma sha tara ba ta tako layin ba.

Duk watan fatalwa, lokacin da muke ƙona wa matattu kaya, Siew Kuan kan ƙona wa jikan nan da ba a haifa ba rigar takarda a bakin kwata. Ni mai hawa kifaffen bokiti in yi leƙe ta katanga na lura kowace shekara rigar tana ƙara girma.

Bakina bai bar ni ba. Na ce, "Yaya, bana har ya zama saurayi?"

Ta ce, "Ta bara ta yi masa gajere a hannu."

Ban sake wannan wasan ba.

Bara, wata rana da hantsi, ina kan bokitina na leƙe, sai ga wata mace da furfura tsilla-tsilla, ta dafe kunci da hankici. Pek Lian ce. Likitocin haƙori cike da Ipoh, amma nan ta zo. Ta zauna kan benci, ta miƙa hannu.

Siew Kuan ta buɗe baki, tambayar ta ƙi fitowa.

Pek Lian ta ce, "Babu, Mama. Tun wancan ba a sake ba. Danna."

Tsohuwar ta kai yatsanta wurin tsokar. Ta ɗora shi a hankali, dannar da ba za ta kashe ciwon kowa ba, kuma ba ta saki ba.

Na sauka daga kan bokitin.