Ido Biyu Rana Ɗaya

Salamu alaikum, 'yan'uwa. Na samu saƙonninku tun bara, amsawa ce ta gagare ni. Yanzu ma ƙanwata Hadiza ke rubutawa, ni ina faɗa.

Ku da na yi wa ɗinki a Gusau kun san ciwon suga ya daɗe yana cin idona. Da farko zare ne ya daina shiga allura. Daga baya har fuskar mai kawo ɗinki sai na matso nake gane ta.

Aka ba mu labarin wani asibitin kuɗi a Abuja. Suna yankar 'yar fata a hannunka, su mayar da ƙwayoyin halittarta kamar na jariri, su yi maka allurarsu a ido ya sabunta. Muka je aka yanki fatar. Muka koma ranar allura.

Likitan ya ce ido ɗaya za a fara, mu dawo don ɗayan. Maigidana, Malam Sani, ya ce, "Likita, hanyar Tsafe ba ta biyuwa sau ukku. Kowace tahiya sai mun bar wasiyya. A yi mata duka."

Ni ma na roƙa. Likitan bai yi gardama ba, kuma wannan ne har gobe ban yafe masa ba.

Bayan 'yan watanni idon dama ya kumbura, ciwo kamar ana soka ƙusa. A asibitin koyarwa aka yi hoto, aka ɗebi nama. Wata likita ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, wajen sauya ƙwayoyin nan wasu sun lalace, suna ta hayayyafa ba tsayawa. Ƙari ne. An gwada su kafin a sa maki?"

Ban ma san ana gwadawa ba.

An cire na dama. Na hagu an ceto shi, amma haske da duhu kawai yake bambancewa. Ƙarin bai dawo ba, alhamdulillahi. Na gode wa likitocin, da ku masu addu'a.

Don Allah, duk wanda aka yi wa tayin irin wannan magani, ya tambaya ko an gwada lafiyar ƙwayoyin, ya ji ta bakin wani likitan daban. In ido ne, kada ya ba da biyu rana ɗaya, komai munin hanya.

Makon jiya 'yata ta haihu a Bungudu. Aka ɗora mani yaron a cinya, na shafa fuskarsa na ce, "Wa ya biyo?"

Suka ce, "Ke, Inna. Har idanun."